Dutse mai siffar katantanwa a cikin lodin tifa: mi na wanga?

Dan_Wamakko: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga masu ilimin ƙasa. Shekaranjiya anka kawo muna lodin farin dutse za mu cike harsashin gini. Muna cikin fasawa sai yaron da ke taya ni ya ɗauko wani ya ce in duba. Dutse na, amma a naɗe yake kamar katantanwa, girmanshi ya kai tafin hannuna, kuma akwai wasu layuka a jikinshi sun raba shi gida-gida. Da munka ƙara tonawa cikin tulin sai ga wasu ƙanana guda huɗu, kamar curin dawo da anka ɗan danne, kowane da zanen tauraro mai reshe biyar a bayanshi. Na sa hotunansu. Mi na wanga? Aikin mutanen da na, ko haka Allah Ya halicce su? Kuma, ba zan ɓoye muku ba, shin suna kuɗi?

Bagobiri77: Hahaha, tambayar ƙarshen nan ita ce ainihin tambayar, sauran duk gaisuwa ce.

UmmuHanifa: Wa alaikumus salam. Ƙananan nan na san su. Muna yara a wajen kakarmu a ƙasar Dange mukan tsince su a gefen kwazazzabo bayan ruwa ya ɗauke, mu yi 'yar carafke da su. Ba mu taɓa tunanin wani abu ba ne, mu dai duwatsu ne masu kwalliya. Na ga hoton nan sai da gabana ya faɗi don tuna da.

SarkinYawo: Babban nan amonait ne, ba tantama. Na ga irinsu jibge a kasuwannin Maroko, an goge su suna ƙyalli. Halittar teku ce da ta ƙare tare da su dainoso. Ɗan'uwa, ka riƙe abinka da kyau.

Bagobiri77: Teku? A Sakkwato? Garin da a watan Afrilu kwalta ke narkewa? Daga nan zuwa Legas fa kusan kilomita dubu ne a mota. SarkinYawo, yawon ya fara taɓa ka.

Malam_Duwatsu: Bagobiri, a nan SarkinYawo bai yi ƙarya ba. Teku ya rufe ƙasar nan, kuma ba sau ɗaya ba. Sakkwato tana gefen kudu maso gabas na wani makeken kwari da masana ke kira Iullemmeden, sunan wata ƙabilar Buzaye ne aka ba shi, ya ratsa Nijar da Mali har gefen Aljeriya da Binin. Wani tsohon teku mai suna Tetis, wanda Bahar Rum na yau ragowarsa ne, shi ne ya malalo ta inda Sahara take yanzu ya iso nan. Ba teku mai zurfi ba ne, ruwa ne mai ɗumi, marar zurfi sosai, irin wanda halittu masu ɓawo ke so.

Shigowar da ta shafe mu biyu ce. Ta farko a ƙarshen zamanin Kiretashiyos, tsakanin shekaru miliyan 72 zuwa 66 da suka wuce. Ita ta bar shimfiɗar laka da ake kira da sunan Dukamaje, wadda ke tsakanin shimfiɗar Taloka a ƙasa da ta Wurno a sama. Ta biyu a zamanin Faliyosin, wato tsakanin miliyan 66 zuwa 56, ita ta bar shimfiɗar Dange, da farin dutsen Kalambaina, da ta Gamba a kansa. Ku lura, duk sunayen garuruwanmu ne, kuma da su ake kiran waɗannan duwatsu a ko'ina a duniya. Farin dutsen da kamfanin siminti ke haƙa a Kalambaina, yawancinsa ɓawon halittun teku ne da suka mutu suka taru suka daskare. Duk wanda ya yi gini da simintin Sakkwato, da gawar 'yan teku ya yi shi.

Ƙananan masu tauraro bushiyar teku ce. Da ranta jikinta duk ƙaya ne, in ta mutu ƙayar ta zube sai ƙoƙon ya rage. Ta nan yankin da aka fi sani sunanta Linthia sudanensis. Amma babban, a nan na rabu da SarkinYawo. Ban yarda amonait ba ne.

SarkinYawo: To Malam, mene ne in ba shi ba? Ga naɗi, ga ɗakuna. Na riƙe amonait da hannuna fiye da sau goma.

Malam_Duwatsu: Ɗan'uwansa ne, dangin notilus. Dukansu a naɗe suke, dukansu da ɗakuna, dabbar tana zaune a ɗakin ƙarshe na bakin ƙofa, sauran na baya tana amfani da su wajen daidaita nauyinta a cikin ruwa. Bambancin yana wurin layukan da Dan_Wamakko ya ambata. Na notilus layi ne mai sauƙi, ya ɗan lanƙwasa kawai. Na amonait kuwa a murɗe yake, ya yi ta kai da komo kamar zanen ɗinkin babbar riga. Sannan akwai wani siririn bututu da ya ratsa ɗakunan: a notilus ta wajen tsakiya yake bi, a amonait ta gefen waje. A hoton nan layukan sun yi mini santsi da yawa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi. Amonait sun ƙare a ƙarshen Kiretashiyos, shekaru miliyan 66 ke nan. Farin dutsen Kalambaina bayan nan aka shimfiɗa shi. In dai daga cikinsa abin ya fito tare da bushiyoyin nan, to amonait ba shi da hanyar shiga. Notilus kuwa sun tsallake wannan halaka, har yau akwai jikokinsu da rai a tekun Indiya da Fasifik.

Hajiya_Mabera: Ikon Allah. Ni dai tambayata ita ce, wannan ba ruwan Ɗufana ba ne na zamanin Annabi Nuhu, alaihis salam? Tun muna yara haka muke ji in an ga irin waɗannan abubuwa a kan tudu.

AbuSumayya: Hajiya, Allah Ya ƙara girma. Ni ba malami ba ne, amma ina ganin kada mu haɗa abu biyu da ba lallai su haɗu ba. Ɗufana gaskiya ce, mun yi imani da ita, kuma a zamanin mutane ta auku. Waɗannan shimfiɗu kuwa babu ƙashin mutum ko kayan aikinsa ko ɗaya a cikinsu. Kuma malaman Musulunci na da can sun yi magana a kan irin wannan. Al-Biruni ya lura da duwatsun ƙasar Indiya ya ce a da wurin teku ne, ƙasa ta cike shi, Ibn Sina ma ya yi bayanin yadda laka ke zama dutse da halittu a cikinta. Mutanen nan sun rayu kusan shekaru dubu da suka wuce. An umurce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda aka fara halitta, to ga shi dubawar ta zo har harsashin ginin Dan_Wamakko.

Hajiya_Mabera: To madalla, ɗana. Allah Shi ne masani. Amma miliyoyin nan da Malam ke lissafawa kamar yana ƙirga buhunan gero, su ne ke ɗaure mini kai.

Kawu_MaiRijiya: Ni ban yi boko ba, ɗana na ka rubuta min wanga. Shekara talatin da wani abu ina ginar rijiya tsakanin Kware da Gwadabawa. Abin da Malam ya faɗi na hawa-hawa, mu da hannu munka san shi. Ka fara da jar ƙasa da marmara, ka wuce ka iske laka, sannan farin dutse, nan ruwa yake zama. In ka matsa ƙasa ka iske wata laka mai duhu da ke ɓarewa falle-falle. Cikin farin dutsen nan mun sha fiddo kumba, wata ma a rufe take ɓawo biyu kamar yanzu anka ɗauko ta daga gulbi. Ubangidana da ya koya min sana'a cewa yakai, duk inda ka ga kumba ka kusa ruwa. Bai san wani Tetis ba, amma bai taɓa ɓata ba.

Malam_Duwatsu: Kawu, ranka ya daɗe, wannan da ka faɗa ya fi darasin aji. Farin dutsen yana da ƙofofi da tsaga, ruwa yana shiga, lakar Dange da ke ƙarƙashinsa kuma ta hana shi wucewa. Shi ya sa maigidanka bai ɓata ba. Kumbar da ka gani a rufe tana nuna ba a jawo ta daga nesa ba, inda ta rayu nan ta mutu laka ta binne ta. Don Allah in kun sake fiddo irinta, a ajiye mini, a kuma faɗa mini a gaba nawa aka same ta.

Bagobiri77: Shi ke nan, na sallama a kan teku. Amma har yanzu ba a amsa wa bawan Allah tambayarsa ta ƙarshe ba. Nawa ne?

SarkinYawo: Gaskiya ɗaya ce, ba zai sayi babur da su ba. A Maroko ma ƙananan araha ne, tuli ake yi da su. Masu tsadar su ne waɗanda aka ɓata kwanaki ana fito da su daga dutse da ƙananan injuna. Kuma jabu ya yi yawa. Ni kaina an taɓa yi mini. Na sayi wani tirailobait, wata halitta mai kama da ƙwaro mai gaɓa-gaɓa, na kawo gida ina ta nuna wa mutane. Rannan ya faɗo daga kan kanta ya rabe biyu, sai ga shi ashe roba ce aka zuba a kan dutse aka shafa baƙin fenti. Har ƙananan ramukan kumfa ana gani a ciki.

Zarah_UDUS: Kawu SarkinYawo sannu 😂 Amma wannan ya tuna mini: duk wanda ya nuna muku tirailobait ya ce a Sakkwato ya tono shi, ku riƙe aljihunku. Sun ƙare tun shekaru miliyan 252 da suka wuce, duwatsunmu na teku kuwa ba su kai ko kusa da wannan tsufa ba. Ni ɗaliba ce, an kai mu aikin fili, kuma abin da aka fi nanata mana shi ne takarda. Kafin ka ɗaga abu ka ɗauki hotonsa a inda yake, ka ajiye biro ko kwabo a gefensa don a gane girmansa, ka ɗauki lambar wurin da wayarka. Sannan ka rubuta sunan ƙauye, da kwanan wata, da irin dutsen da ya fito daga ciki, ka naɗe shi da tsohuwar jarida tare da takardar. Kowane da tasa. In ka zuba su duka a leda ɗaya, bayan wata biyu kai kanka ba za ka tuna wanne ya fito daga ina ba.

Dan_Wamakko: Na gode ƙwarai jama'a. Malam, na ɗauko shi na duba da fitilar waya. Layukan ba su da murɗiya, sun ɗan karkata dai kamar lauje. Amma gefe guda duk farar ƙasa ta like shi. Wani abokina ya ce in zuba mishi ruwan batir zai fito tas.

Injiniya_Bello_S: Kada ka soma! Na rantse da na san inda kake da na zo na ƙwace shi. Ni na yi wannan wautar. Na samu bushiyar teku mai kyau, zanen tauraron nan ya fito ɗaya bayan ɗaya har ƙananan hudojin, na ce bari in ƙara mata haske. Na ɗiga mata ruwan batir, ta yi ta tafasa ina murna wai datti ne ke fita. Da na ɗauraye sai na ga tauraron ya tafi, ta zama kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ɓawon da dutsen da ya like shi sinadarinsu ɗaya ne, abin da ya ci wannan zai ci wancan. Ga haɗarin ido da hannu. Tsohon buroshin haƙori, da ruwa kaɗan, da basilla, da haƙuri, su ke nan.

Zarah_UDUS: Ƙari a kan na Injiniya: ko ruwan ma sai in farin dutse ne mai tauri. Abin da ya fito daga laka mai falle-falle irin wadda Kawu ya ambata, in ka jiƙa shi zai iya narkewa a hannunka. A busasshe ake share shi. In kuma so kake ka gwada ko dutsen farar ƙasa ne, ka ɓalli ɗan guntu daga gefe, ba jikin abin ba, ka ɗiga masa ruwan kal ko lemun tsami. In ya yi ƙananan kumfa, shi ne.

Malam_Duwatsu: Daidai. Wani abu kuma, Dan_Wamakko, da wuya a ce ɓawon ne a hannunka. Ɓawon notilus da na dodon koɗi an yi su da wani sinadari mai suna aragonait, wanda ke saurin narkewa a cikin ƙasa. Abin da ke faruwa shi ne laka ta cika cikin ɓawon ta daskare, ɓawon ya narke, sai cikon ya rage da siffarsa, kamar yadda bulo ke fita daga ma'auninsa. Shi ya sa kake ganin layukan ɗakunan a fili, da ɓawon yana nan da ya rufe su. Bushiyar teku da wasu kumba kuwa nasu kalsait ne, ya fi jurewa, shi ya sa sukan fito da ɓawonsu na asali.

SarkinYawo: Malam, ban sauka ba tukuna. Kai da bakinka ka ce teku ya shigo sau biyu. Ke nan akwai amonait a Sakkwato ko babu?

Malam_Duwatsu: Akwai. A shimfiɗar Dukamaje ana samun wani mai suna Libycoceras, sunan daga Libiya ya samo asali, kuma samunsa a can da nan yana cikin hujjojin cewa ruwan ta arewa ya biyo. Shi a matse yake kamar faifai, bakinsa da kaifi-kaifi. A wannan shimfiɗa ce kuma aka samu ƙasusuwan wani babban ƙadangaren teku. A 1930 wani masani a Landan, Swinton, ya fara bayaninsa, a 1972 kuma masu bincike daga Italiya suka raɗa masa suna Goronyosaurus, wato da sunan Goronyo. Akwai ma wani kada da aka sa wa Sokotosuchus. Amma duk wannan can gabas ne da arewa maso gabas, wajen Goronyo da Wurno da Gada. Ba a yammacin garin Sakkwato ba, inda Kalambaina take.

SarkinYawo: To ai tifa tana da taya, Malam. Wa ya ce maka daga Kalambaina aka yi lodin?

Bagobiri77: Kai! SarkinYawo ya farfaɗo.

Malam_Duwatsu: Wannan gaskiya ne, kuma ita ce matsalar duk abin da aka tsinta a lodi. Sai dai wa zai bar dutse a bakin ƙofa ya tafi Goronyo ya ɗauko? Kuma layukan da ya kwatanta da lauje ba na amonait ba ne. Ina nan a kan bakana, amma ba zan rantse a kan hoto ba.

Kawu_Wurno: Tunda an ambaci ƙasarmu bari in sa baki. Tudun da ke kewaye da mu cike suke da irin waɗannan abubuwa, da wani dutse mai ƙyalli kamar gilashi da ake ɓarewa da farce, wanda ake tarawa ana sayarwa. Amma ina roƙon matasa, kada wani ya karanta wannan hira ya ɗauki jaka ya nufi daji shi kaɗai. Kowa ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki na rashin tsaro. Ko a inda yake lafiya, a fara zuwa wurin mai gari a gaisa, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi ɗan rakiya. Baƙon da aka gani yana tonon ƙasa yana rubuce-rubuce, cewa za a yi zinariya yake nema ko wani abu da ya fi haka muni.

Zarah_UDUS: Mai ƙyallin nan jibsin ne, Baba, ana sa shi a siminti. Kuma haka ne, wurin haƙar dutse na kamfani ma ba a shiga sai da izini. Ƙarƙashin gangaren da aka yanke kuma ba wurin tsayawa ba ne, musamman da damina.

Malama_Sakandare: Ni abin da ke ci mini rai daban ne. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da ilimin halittu. In mun zo babin halittun da suka zama dutse, hoton littafi nake nuna wa yara, na Ingila ko na Amurka, baƙi da fari, ko gani ba a yi sosai. Ashe abin yana cikin tulin dutsen da ke ƙofar makaranta. Tun 1904 wani masani a Landan, Bather, ya yi rubutu a kan bushiyoyin tekun da aka kai masa daga yankin nan, mu kuwa jikokin masu ƙasar ba mu san sunansu da Hausa ba. Dan_Wamakko, in ba za ka sayar ba, ka ba ni aron ɗaya daga cikin ƙananan, in kai aji yara su taɓa da hannunsu.

UmmuHanifa: Malama, suna kam akwai, sai dai kowane ƙauye da nasa. Mu "dutsen tauraro" muke cewa. Wata ƙawata kuma ta dage wai gatarin aradu ne.

AbuSumayya: A'a, gatarin aradu daban ne. Shi baƙin dutse ne mai santsi da baki kamar na gatari, kuma wannan kam aikin hannun mutanen da ne, su suka wasa shi. Ka ga Dan_Wamakko, tambayarka ta farko ke nan: akwai na mutane, akwai na Allah kai tsaye. Naka na biyun ne.

Dan_Wamakko: Malama, na ba ki biyu, ba aro ba, kyauta. Zancen kuɗi kuma Bagobiri ya huta, na haƙura. Na kira direban tifar. Ya ce ranar sawu huɗu ya yi daga wuri biyu, bai iya tuna wane ya kawo muna, amma duk ba su wuce yammacin gari ba. Na kuma goge gefen da buroshi kamar yadda Injiniya ya ce, sai ga wani ɗan rami zagayayye a inda ya ɓalle. Ba tsakiya sosai yake ba, ba kuma can gefe ba.

SarkinYawo: Ba tsakiya ba! Kun ji ko?

Malam_Duwatsu: Ba gefe ba kuma, ka karanta har ƙarshe. Dan_Wamakko, ɗauko hoton wurin da ya ɓalle da rana, ba da fitila ba, ka sa biro a gefe. Ko kuwa ka riƙo shi ranar Asabar, ina gari.

Kawu_MaiRijiya: In kun haɗu ku kira ni. Akwai wata kumba da ta shekara takwas a kan tagata, ita ma a duba min ita.